Kada Ku Yi wa Mutane Kuɗin Goro

Ƙannena samari da 'yan mata na Dawaki, da maƙwabtanku na Shamaki da Ajiya da Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya, akwai wata ni'ima da Allah ya yi wa garin Gombe wadda nake tsoron ta zame muku tarko in ba ku lura ba. Kowa a garin nan yana jin Hausa. Bafillacen Dukku da ɗan Bolewa na Kwami, da ɗan Tera na Deba, da Batangalen Billiri, da ɗan Waja na Talasse, da Babarbaren da ya zo daga Borno, har Bayaraben da ke gyaran mota da ɗan Ibo mai shagon magani, duk da Hausa suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa. Saboda bakinmu ya zo ɗaya, sai muka ɗauka mun san juna. Alhali abin da muka haɗa shi ne harshe. Tarbiyyar da kowa ya taso da ita a ɗakin uwarsa, da abin da yake gani kunya ne, da abin da yake gani girmamawa ne, waɗannan kowa da nasa ya zo.

Garin ma kansa haka aka gina shi. Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar, amma hedikwatarta ta farko tana Gombe Abba. Turawa ne suka ɗauke ta, ta biya ta Nafada, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato nan da muke zaune. Auduga da gyaɗa suka jawo fatake, jirgin ƙasa ya iso a 1963 da ma'aikatansa 'yan Kudu, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke jihar Gombe daga Bauchi, ma'aikata daga ƙananan hukumomi 11 suka kwaso iyalansu suka tare. Ɗan da aka haifa a Dawaki yau, kafin ya gama sakandare ya zauna a benci ɗaya da 'ya'yan al'ummomin da kakansa sai dai ya ji labarinsu a bakin matafiya.

Bari in fara da ƙananan abubuwa, domin a nan ɓarakar take somawa. Ku ɗauki ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarku daga Enugu ko Ibadan. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin nan a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, don matasan ƙasar su san juna, amma ba wanda ya zaunar da wannan saurayi ya karanta masa yadda muke magana. Yana yi wa ɗalibi faɗa, ɗalibin ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. A gidanmu wannan shi ne ladabi, yaron da ya tsura wa babba ido shi ake kira mara kunya. Shi kuwa malamin, a makarantar da ya yi, wanda ya ƙi haɗa ido da kai ƙarya yake yi ko raina ka ya yi. Sai ya ƙara ɗaga murya yana cewa a dube shi. Ɗalibin ya koma gida yana cewa malamin nan ba shi da mutunci, ihu kawai ya iya. Malamin ya koma masaukinsa yana cewa yaran Arewa taurin kai gare su. Ba wanda ya yi niyyar cin zarafin wani a cikinsu, kuma kowanne ya tafi da hukuncin da zai ɗora wa miliyoyin mutanen da bai taɓa gani ba.

Maganarmu ta yau da kullum cike take da irin wannan. Bahaushe zai ce maka "to", baƙo ya ɗauka an amince, alhali ma'anarta na ji ka. Ka nemi alfarma a ce maka "sai na duba" ko "bari mu gani", ɗan gari ya san an rufe ƙofa cikin mutunci, baƙo kuwa zai dawo gobe da jibi, a ƙarshe ya ce mutanen nan ba sa cika alkawari. Mu kuma idan wani ya dube mu ya ce "a'a, ba zan iya ba" kai tsaye, sai mu ji kamar ya watsa mana ƙasa a ido, shi kuwa a ganinsa gaskiya ya faɗa don kada ya ɓata mana lokaci. Haka gaisuwa. Mu sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. Wanda ya shigo ya faɗi buƙatarsa nan take muna ganin bai da tarbiyya, shi kuma yana mamakin me ya sa ake ta kewaye-kewaye.

Kada ku ɗauka sai da ɗan Kudu ake samun wannan. Tsakanin Bahaushe da Bafillace ma akwai shi, duk da auratayya da zaman ɗaruruwan shekaru. Bafillacen da ya riƙe fulaku zai iya wuni da yunwa a gidanka, ka kawo abinci ya ce ya ƙoshi, don cin abinci a gaban surukai ko baƙin ido abin kunya ne a wurinsa. Wanda bai sani ba zai ce girman kai ne, ko ƙyamar abincinsa ake yi. Wanda ya sani zai ajiye kwanon a ɗaki, ya ja ƙofa, ya ba shi wuri. Uwa Bafillatana da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ƙinsa take yi ba. Na fi son ku riƙe misalin kwanon abincin nan fiye da sauran, domin yana nuna cewa maganin abin ba shi da tsada: sani kaɗan ne, da jan ƙofa.

Wancan kuskuren fahimta ne, kuma tambaya ɗaya tana warware shi. Ciwon da ya fi shi tsanani shi ne kuɗin goro, wato a tara al'umma guda a ba ta hali ɗaya. Kun san maganganun, kuna jin su a majalisa da cikin Keke Napep da bakin famfo. "Ai ka san halin Fulani." "Inyamuri in ba kuɗi ba, ba ya gaisuwa." "Bayarabe sai tsoro da surutu." "Bar shi, ƙabila ne." Can Kudu kuma ana faɗin namu: Bahaushe jahili ne, almajiri ne, mai gadi ne, da wuƙa yake kwana. Idan taku ta yi muku zafi, ku sani ta wancan ma haka take yi masa.

Wannan ta "ƙabila ne" ita ce ta fi damuna, don ita ce tamu ta gida, kuma ita ce ke raba jihar nan gida biyu a zukatan mutane: mu a arewa, su a kudu. Masana harsuna sun daɗe da tabbatar da wani abu da ya kamata a koya wa kowane ɗalibi a Gombe. Harshen Tangale da harshen Bolewa 'yan ɗaki ɗaya ne, rukuni guda ake sa su, kuma su biyun dangin Hausa ne a cikin harsunan da ake kira na Chadi. Harshen Tera ma a cikin wannan babban gida yake. Fulatanci kuwa daga wani gida dabam ya fito, danginsa na kusa suna can Senegal, kuma ta fuskar asali ya fi kusa da harsunan Waja da Tula da Dadiya da Cham fiye da yadda yake da Hausa. Barbarci kuma gidansa dabam ne da duka biyun. Ke nan Bahaushen da ke nuna Batangale yana kiransa bare, ɗan'uwansa na harshe yake nunawa. Ban kawo wannan don in raba Hausa da Fulani ba, addini da aure da tarihi sun riga sun ɗinke su. Na kawo shi ne don ku ga cewa layin da aka ja muku a ƙwaƙwalwa ba shi ne kaɗai layin da za a iya ja ba, kuma wanda ya ja shi bai tambayi tarihi ba.

Addini ma bai bin layin nan yadda kuke zato. A ƙasar Tangale, inda 'yan mishan suka sauka a Kaltungo tun 1917, akwai Musulmi da yawa, kuma gida ɗaya za ka samu wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci. Lokacin rikicin sarautar Mai Tangale a Billiri cikin Fabrairun 2021, wanda aka rasa rayuka da dukiya har aka sa dokar hana fita, mutane da yawa a cikin garin Gombe sun ba da labarin kamar yaƙi ne tsakanin baƙi biyu. Amma manyan 'yan takarar sarautar guda biyu, ɗaya Kirista ɗaya Musulmi, duk sunan Maiyamba suke amsawa. A Kano da Katsina akwai Hausawa Kiristoci waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa. Suna ma ba ya faɗa maka komai: Musa da Yakubu da Ɗanladi da Ladi da Saratu, kowannensu zai iya zama na masallaci ko na coci. Gowon da na ambata ɗan Angas ne, Kirista, a Wusasa ta Zariya ya tashi, kuma har yau akwai 'yan Kudu da ke lissafa shi cikin Hausawa.

Da abin ya tsaya a baki, da na bar shi a matsayin rashin ladabi kawai. Amma kun ga inda yake kaiwa, ko kun ji daga yayyenku. Bayan bam ɗin tashar Dukku a Disambar 2014 da na babbar kasuwa a Yulin 2015, tsoro ya cika garin nan, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai a kan wa ya sauka? A kan 'yan gudun hijirar Borno da Yobe, mutanen da Boko Haram ta kashe wa iyaye ta ƙone wa gidaje. Mai tsagar Barebari a fuska ya zama abin kallo a mota, wani ya nemi hayar ɗaki a ce babu. Wanda ya fi kowa shan wuyar abin shi aka mayar abin zargi.

Akwai kuma abu biyu da nake so ku ajiye kusa da juna a zuciyarku, ko da ɗayan zai fi ɗayan yi muku nauyin ji. A ƙarshen Maris na 2025, cikin azumi, wasu mafarauta 'yan Arewa sun taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta na gargajiya, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu a lokacin. An ga kamanninsu, an ji harshensu, hukunci ya riga ya daɗe a zuciya yana jiran wanda zai faɗa wa. Duk Arewa ta yi kuka, kuma kukan gaskiya ne.

Na biyun a garin nan ya faru. A watan Maris na 2007, a wata makarantar sakandare da ke unguwar Gandu, wata malama Bayarabiya Kirista tana sa ido a jarrabawa, ta karɓe kayan wata ɗaliba. Aka ɗaga murya cewa ta wulaƙanta Alƙur'ani. Ba a tsaya an bincika ba, ba a kai ta gaban hukuma ko alƙali ko malamai ba. Ɗalibai da 'yan gari suka kashe ta, matar aure mai 'ya'ya ƙanana. Waɗanda suka yi wannan sa'o'inku ne a lokacin. Na san akwai mai cewa kishin addini ne, amma addinin da muka karanta bai ba taron jama'a ikon yanke hukuncin kisa a kan ihu ba. Abin da ya sa ihun ya karɓu nan take shi ne an riga an yarda cewa irinsu za su aikata. Wannan yardar ita ce dai ta kashe mafarautan Uromi. Duk wanda ya yi kukan ɗaya ya kau da kai daga ɗayan, bai gane ciwon ba tukuna.

Wani zai ce mini, yaya, ai ba a rasa gaskiya a cikin maganganun nan, ga masu satar mutane a dazukan Zamfara da Katsina, da yawansu Fulani ne. Haka ne, kuma ba na ce ku rufe ido ku shiga daji da dare ba. Taka-tsantsan wajibi ne. Amma ku yi shi a kan abin da mutum ya aikata ko take-takensa, kada ku yi shi a kan hancinsa ko sandarsa. Makiyayin da aka kore wa shanu hamsin a dare ɗaya shi ma Bafillace ne, kuma sau da yawa shi ne farkon wanda ɓarayin suka talauta. In ka haɗa shi da ɓarawon a kwando ɗaya, ka zalunce shi sau biyu, ka kuma rasa mutumin da ya fi kowa sanin hanyoyin dajin. Ku da kanku kun ɗanɗana irin wannan: saboda 'yan dabar Kalare, sau nawa aka kalli saurayin kirki daga tsofaffin unguwannin garin nan aka riƙe waya da kyau?

Kakanninmu ba mala'iku ba ne, su ma suna da maganganunsu a kan maƙwabta. Amma sun yi wa abin dabara da ta cancanci a tsaya a dube ta, wato wasan barkwanci da taubasantaka. Bafillace da Babarbare za su haɗu a kasuwa, wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne bawana, a yi dariya a rabu. Haka Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa. Wasan yana da sharuɗɗa ko da ba a rubuta su ba. Ido da ido ake yinsa. Kowa yana da damar ramawa. Ba a fushi, ba a taɓa addini ko iyaye. Sannan, wanda ya fi muhimmanci, abokin wasanka yana da haƙƙi a kanka: in ya sauka garinku baƙo, kai ne mai masaukinsa, in an tsare shi kai ne mai cetonsa. Wuta ce aka yi wa murhu, tana dafa abinci ba ta cin ɗaki.

Abin da kuke yi a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp ya ɗauki zagin ya bar sharuɗɗan. Wanda kake yi wa ba ya gabanka, ba ka san shi ba, ba zai taɓa kwana a zaurenku ba, kuma mutum dubu za su karanta, cikinsu har da wanda bai san wasa ba ne. Hoton gawa zai zo da rubutu a ƙasa cewa ƙabila kaza ce ta kashe 'yan'uwanmu, ka tura kafin ka karanta ƙarshe, alhali wataƙila hoton na wata ƙasa ne, na wata shekara. Roƙona a nan ƙarami ne: duk saƙon da ya ambaci al'umma guda da laifin mutum ɗaya, ya mutu a wayarka.

Ku da kuka yi Islamiyya kun san Suratul Hujurat. A aya ta 11 an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, an hana jifan juna da sunayen banza. A ta 12 an yi umarni da nisantar yawan zato. A ta 13 aka bayyana cewa an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma fifiko yana ga taƙawa. Kafin su duka, aya ta 6 ta ce a bincika labari kafin a auka wa mutane cikin jahilci. Ku lura da jerin: izgili, laƙabi, zato, labarin da ba a tantance ba. Matakan da aka taka ke nan har aka kai Gandu da Uromi. 'Yan'uwanmu Kiristoci kuma suna da labarin Basamariye a Linjilar Luka, inda mutumin da ya tsaya ya ceci wanda 'yan fashi suka jikkata ya fito daga al'ummar da masu sauraro suka fi rainawa. Ba wanda zai ce littafinsa bai gaya masa ba.

Abin yi ba shi da yawa. Matambayi ba ya ɓata: in abokin karatunka a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ya yi abin da ya ba ka mamaki, ka ce masa, ɗan'uwa, a wajenku me wannan yake nufi? Mutane suna son a tambaye su al'adarsu in sun ga ba da raini aka zo ba. Ku koyi gaisuwa a harshen maƙwabcinku, ko da "a waali jam" ce ta Fulatanci, ku ga yadda fuskar tsoho take sakewa. In za ku ba da labarin wanda ya cuce ku a kasuwa, ku ce wani mutum ya cuce ni, ku bar ƙabilarsa a gefe, don ba ita ta karɓi kuɗin ba. Sannan ku taka ƙafa. Abin takaici ne a samu saurayin da ya je Kano da Abuja, har Umara ya yi, amma bai taɓa sauka a Billiri ko Kaltungo ba, bai hau tudun Tula ba, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota. In abokinka na can ya gayyace ka bikin ƙanwarsa ko gaisuwar rasuwar mahaifinsa, ka je. Za su san abin da ba ka ci, kuma za su nuna maka inda za ka yi salla.

Ba kuma ina cewa ku saki naku don ku faranta wa wani ba. Ƙanwata, in ba kya musabaha da maza, kada ki fara don kin je jami'a ko ofis. Amma kada ki bar hannun mutum a miƙe ki juya baya, domin shi abin da zai karanta shi ne ƙyama. Ki sa hannu a ƙirji, ki gaishe shi da sakin fuska, ki ce masa a addininmu ba ma yi, ba don kai ba ne. Kai ma ƙanena, ranar da aka tura ka bautar ƙasa Abakaliki ko Akure, za a kira ka aboki ko malam da wata irin murya, za a tambaye ka ko Boko Haram na unguwarku, wani ma zai yi mamakin ka iya Turanci. Kada ka zare ido, kada kuma ka shige ɗaki ka ƙi fita sai masallacin Hausawa. Ka faɗa musu sunanka da na garinku, ka gaya musu a jiharku kaɗai harsuna nawa ake yi. In mai gidan da ka sauka ya kawo maka abincin da ba ka ci, ka yi godiya, ka bayyana masa dalili, ka tambaye shi wanne ne a cikin abincinsu za ka iya ci, ku zauna ku ci tare.